Yadda za ka zana sheltarin da hannunka har ya zauna maka a kai

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai karatun bayokemistiri ko likitanci ko bayoloji, in kun iso darasin telomiya, wato bakin ƙarshen kuromosom, na san abin da yawancinmu ke yi, a rubuta sunayen furotin shida na sheltarin, tawagar da ke kare wannan bakin, wato TRF1, TRF2, RAP1, TIN2, TPP1, POT1, a bayan littafi a dinga bita har a haddace, sai ranar jarabawa malam ya ce to me zai faru da sel idan aka cire TRF2, nan fa hadda ta ƙare, domin sunaye shida ka riƙe amma ba ka san wa ke riƙe da wa ba. Ni hanyar da ta yi min aiki ita ce zane, kuma ita nake so in nuna maka dalla-dalla. Nemo farar takarda ka kwantar da ita ta faɗi, jan biro da shuɗi, sai fensir da abin gogewa. Fensir ɗin nan shi ne ya fi komai muhimmanci domin daga baya za mu dinga goge furotin ɗaya bayan ɗaya muna ganin ɓarnar da za ta biyo.

Kafin ka ja layi ko ɗaya, tsaya ka gane matsalar

Sel ɗin mutum yana da kuromosom 46, kowanne kuma dogon zaren DNA ne mai baki biyu, wato baki 92 ke nan. Shi kuma sel yana da ma'aikatan gyara da ba sa barci, duk inda suka ga zaren DNA ya yanke sai su buga ƙararrawa, a tsayar da rabuwar sel, a ɗauko yankakken bakin a liƙa shi da wani. Wannan aiki ne mai kyau, ba don shi ba da hasken rana da guba sun gama da mu tuntuni. To amma ƙarshen kuromosom fa? Ai shi ma baki ne a buɗe, a ido ba shi da maraba da wurin da ya karye. Idan ma'aikatan gyara suka ɗauke shi a matsayin karaya za su liƙa kuromosom da kuromosom, sel ya lalace.

Mutane biyu ne suka fara lura cewa bakin asali daban yake da bakin karaya. Hermann Muller da ke harba wa ƙudaje hasken eksire, shi ne ya raɗa sunan telomiya a 1938, sai Barbara McClintock da ke aiki a kan masara, ta ga karyayyen kuromosom yana mannewa da ɗan'uwansa, a ja shi lokacin rabuwa ya sake karyewa, ya sake mannewa, haka dai, amma bakin asali ba ya mannewa da kowa. Ba su san mene ne ke rufe bakin ba. Abin da za ka zana yau shi ne amsar tambayarsu.

Rubuta wannan a kusurwar takardarka don Allah, matsaloli biyu ne ba ɗaya ba. Ta farko ita ce kare baki daga ma'aikatan gyara, aikin sheltarin ke nan. Ta biyu ita ce bakin yana raguwa duk lokacin da aka kwafi DNA, magance wannan kuma aikin telomares ne, inzayim mai ƙara wa bakin tsawo. Ɗalibai da yawa suna cakuɗa su kuma daga nan ruɗani yake farawa.

Zaren kansa

Da jan biro ja dogon layi daga hagu zuwa dama, a kansa rubuta TTAGGG TTAGGG TTAGGG har ka kai ƙarshe, hagu ka sa 5′ dama ka sa 3′, alamomin da ke nuna inda zare ya fuskanta. Waɗannan harufa shida su ne telomiyar ɗan Adam, Robert Moyzis da abokan aikinsa suka tabbatar da su a 1988, kuma iri ɗaya ne a jikin duk dabba mai ƙashin baya, saniya da kaza da kifi duk TTAGGG ne. A ƙasansa ja shuɗin layi ka rubuta AATCCC daidai ƙarƙashin kowane TTAGGG. A littafi za ka ga an rubuta CCCTAA, kar ka rikice, abu ɗaya ne, su sun karanto shi daga 5′ ne kai kuma kana rubuta shi a kife.

Yanzu abin da mutane ke mantawa, shuɗin layin kar ya kai ƙarshe. Tsayar da shi tun da saura, ka bar jan ya wuce shi kaɗai kamar jela. Wannan jelar zare ɗaya ce tilo, tsawonta daga harufa hamsin zuwa 'yan ɗaruruwa, shi kuwa ɓangaren mai zare biyu a jikin jariri yakan kai wajen harufa dubu 10 zuwa dubu 15. Takardarka yanzu ta rabu unguwa biyu, unguwar zare biyu da unguwar jela, kuma kowace da irin furotin da ke iya zama a cikinta.

Ɗora furotin shidan, da fensir

Fara da TRF1 da TRF2 a kan zare biyu. Kowannensu ka zana shi da'ira biyu manne da juna, domin bibbiyu suke aiki, TRF1 da TRF1, TRF2 da TRF2, ba sa haɗa tagwaitaka a tsakaninsu duk da kamannin da suke yi. Ƙafafunsu da ke taka DNA ana kiransu Myb, su ne ke gane TTAGGG mai zare biyu.

Sai ka tsallaka kan jela ka zana POT1 shi kaɗai kwance a kanta. Shi zare ɗaya kawai yake kamawa, da wasu lanƙwasoshi da ake ce wa OB. Peter Baumann da Thomas Cech suka gano shi a 2001.

To ga TRF can, ga POT1 nan, babu abin da ya haɗa su, nan ne sauran ke shigowa. Zana TIN2 a tsakiya, hannu ɗaya ya riƙe TRF1, ɗaya ya riƙe TRF2, na uku ya miƙa wa TPP1, shi kuma TPP1 ya riƙe POT1. Na ƙarshe RAP1, ɗora shi a bayan TRF2 kamar goyo, ba ruwansa da kowa sai TRF2. Shi ke nan, shida sun cika. Wannan tawagar ita Titia de Lange ta jami'ar Rockefeller a New York ta raɗa wa suna sheltarin a 2005, daga kalmar Turanci mai ma'anar mafaka, bayan an shafe shekara goma ana gano su ɗaya-ɗaya tun daga TRF1 a 1995.

Ƙirga ka gani, uku ne ke taɓa DNA kai tsaye, TRF1, TRF2, POT1, uku kuma jikin 'yan'uwansu suke riƙe. Ka ce min me ya sa sai an yi wannan sarƙar, POT1 ba zai iya zuwa ya zauna a jela da kansa ba? Wannan tambayar ita ce na fi so a duk darasin. A cikin sel akwai wani furotin mai suna RPA wanda aikinsa shi ne duk inda ya ga DNA mai zare ɗaya ya hau kai, kuma ya fi POT1 yawa nesa ba kusa ba, in da za a bar su su yi takara haka kawai RPA ne zai cika jelar, kuma da zarar ya cika ta ƙararrawa ta tashi. Abin da ke ba POT1 nasara shi ne an riga an ɗaure shi a ƙofar gidan, TRF sun kafe a zare biyu, TIN2 da TPP1 sun riƙo shi kusa, ko ya saki jelar ba ya nisa zai koma. In ka gane wannan ba za ka sake manta jerin TRF, TIN2, TPP1, POT1 ba domin yanzu ka san dalilinsa.

Zane na biyu, cusa bakin ciki

Juya bayan takarda. Ka taɓa kallon mai saƙar tabarmar kaba ko faifai idan ya zo ƙarshe? Ba ya barin bakin kabar a waje, lanƙwaso shi yake ya cusa cikin saƙar da ya riga ya yi, sai ka duba ka rasa inda ta ƙare. Haka telomiya take yi. Zana zaren ya lanƙwaso baya ya yi zobe babba, jelar nan ja ta kutsa tsakanin zare biyun da ke baya, ta ture jan zaren da ke wurin gefe ta manne da shuɗin, tunda harufan duk maimaici ne ko'ina ta shiga za ta dace. Babban zoben shi ake kira t-loop, ɗan kumburin da jan zaren da aka ture ya yi kuma D-loop. Jack Griffith tare da de Lange suka fara ganinsa a 1999 da maikiroskof na lantarki. A wurin da jelar ta shiga ka zana TRF2, domin shi ne ke ƙulla wannan zoben kuma yake tsaronsa, sannan ka sa POT1 a kan jan zaren da aka ture tunda shi ma yanzu zare ɗaya ne.

Yanzu ɗauki abin gogewa

Nan ne karatun yake, kar ka yi sauri. Koma zanen farko, goge ɗaya, faɗi da bakinka abin da zai faru, ka mayar da shi, sannan ka goge na gaba. Haka masu binciken suka yi da ɓeraye, cire ƙwayar gadon ɗaya suke su ga abin da sel zai yi.

Goge TRF2. Zobe ya warware, baki ya fito fili, ƙararrawar da ake kira ATM ta tashi, ita ce mai jin karayar zare biyu. Sai ma'aikatan liƙi na NHEJ su zo da ligase IV, inzayim mai liƙa DNA, su haɗa bakin wannan kuromosom da na wancan, a hoton maikiroskof za ka gan su jere a manne kamar taragon jirgin ƙasa. Kuromosom mai cibiya biyu kuwa, wato wurare biyu da ake kama shi a ja, idan aka zo rabuwa wannan ɓangare ya ja wancan ya ja sai ya tsinke, ka ga mun dawo kan abin da McClintock ta gani a masara. RAP1 ma ya tafi tunda a bayan TRF2 yake.

Mayar da shi ka goge POT1. Zare biyu lafiya lau, amma jela ta zama tsirara, RPA ya hau, ƙararrawa ta biyu wato ATR ta tashi. Rubuta su gefe da gefe da manyan baƙi, TRF2 na toshe ATM, POT1 na toshe ATR. Wallahi in wannan layin kaɗai ka fita da shi daga darasin ka samu rabin makin, kuma ba sai ka haddace ba, ATM na karayar zare biyu ne shi ya sa mai zama a zare biyu ke tare shi, ATR na zare ɗaya ne shi ya sa mai zama a jela ke tare shi.

Goge TRF1. Shi matsalarsa ta wani fanni ce. Zare mai G da yawa yana son naɗewa ya yi ƙulli, kuma injin kwafar DNA idan ya iso ƙullin sai ya cije. TRF1 ne ke kiran masu warware ƙulli irin su BLM su share hanya, babu shi sai ka ga telomiya ta fito a gutsuttsure kamar zaren da ya tsufa.

TIN2 in ka goge shi TPP1 da POT1 sun rasa mariƙi, TRF ɗin ma ƙarfin zamansu ya ragu, kusan gidan gaba ɗaya ya girgiza. TPP1 in ya tafi POT1 ya bi shi, sannan akwai wata asarar da za mu gani yanzu. RAP1 shi ne mai sauƙi, ɓeran da babu shi yana rayuwa, sai dai yana taimakawa wajen hana telomiya musayar zare da 'yar'uwarta, kuma yana da wasu ayyuka can nesa da telomiya. A 2012 Agnel Sfeir da de Lange sun cire TRF1 da TRF2 tare, sheltarin gaba ɗaya ya bar wurin, suka lissafa hanyoyi shida daban-daban da sel ke bi ya afka wa bakin kuromosom ɗinsa.

Telomares a gefen takarda

Zana shi can gefe, da kibiya, kar ka sa shi cikin shidan domin ba ɗan gidan ba ne, baƙo ne da ake kira. Carol Greider ce ta fara ganin alamarsa ranar 25 ga Disamba 1984 a ɗakin binciken Elizabeth Blackburn a Berkeley, cikin wata 'yar halittar ruwa mai suna Tetrahymena, kuma su biyun da Jack Szostak suka karɓi kyautar Nobel a 2009. Kashi biyu za ka zana, furotin TERT da zaren RNA mai suna TERC wanda yake ɗauke da samfurin da ake kwafar TTAGGG daga jikinsa. Kibiyar ta nufi TPP1, domin a jikinsa akwai wani ɗan fili da ake kira TEL, nan telomares ke kamawa, wannan ce asara ta biyu da na ce. Bayan ya ƙara tsawon jan zaren sai wata tawagar mai uku, CST, wato CTC1, STN1, TEN1, ta sallame shi ta kira mai cike shuɗin zaren.

Yawancin sel na jikin babba ba sa kunna telomares, shi ya sa duk rabuwa ana rasa harufa kamar 50 zuwa 100. Gwada a zanenka, rage tsawon zaren sosai ka ga ko akwai wurin da TRF2 zai zauna ya ƙulla zobe. Babu. To ƙararrawa ta tashi, furotin p53, mai taka wa sel birki, ya tsayar da shi, ya daina rabuwa. Abin da Leonard Hayflick ya gani ke nan a 1961, cewa sel ɗin mutum a kwano yana rabuwa wajen sau 50 ya tsaya. Ka ga yadda matsalolin nan biyu da muka raba da farko suka haɗu, gajarta ba ita ce ke tsayar da sel kai tsaye ba, rashin wurin zaman sheltarin ne. Shi kuwa ciwon daji kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari sai ya sake kunna telomares kafin ya iya ci gaba.

Rataya cuta a jikin kowane furotin

Ga masu likitanci musamman. Kusa da TIN2 rubuta dyskeratosis congenita, an gano alaƙarsu a 2008, cuta ce ta gajeriyar telomiya, alamominta uku da aka sani su ne lalacewar farce, farin tabo a cikin baki, da dabbare-dabbaren fata kamar raga, abin da ya fi kisa kuma shi ne ɓargo ya daina yin jini, wasu kuma huhu ne ke ƙandarewa. Kusa da POT1 rubuta akasin haka, iyalan da suka gaji lalataccen POT1 telomiyarsu doguwa ce fiye da ƙima, kuma suna yawan samun kansar fata ta melanoma da wata kansar jini mai suna CLL da ƙari a ƙwaƙwalwa.

A nan ina so in tsaya kaɗan domin abin yana damuna. Ana tallar magunguna a intanet wai suna ƙara tsawon telomiya su mayar da tsoho yaro, mutane na zuba kuɗinsu. Kai da ka zana wannan da hannunka ka riga ka ga doguwar telomiya ba lafiya ba ce kai tsaye, gajartar nan birki ce da ke hana sel mai lahani rabuwa har abada. Ɓeran ɗakin bincike telomiyarsa ta fi tamu tsawo sau da yawa amma shekara biyu zuwa uku yake yi. Idan ɗan'uwanka ya tambaye ka kan irin wannan tallar, ka zana masa ka yi masa bayani.

Tarkon sunaye

Uku ne, kuma suna kama mutane a jarabawa da wajen neman takardu. TPP1 na telomiya sunan ƙwayar gadonsa ACD, in ka buga TPP1 a rumbun bayanai wani inzayim daban na lisosom zai fito maka. RAP1 namu sunansa TERF2IP, akwai wani Rap1 ƙaramin furotin mai isar da saƙo a sel, ba su da dangantaka. Sannan TRF kaɗai ba lamba, a takardun bincike sau da yawa sunan hanyar auna tsawon telomiya ce a ɗakin gwaji, ba furotin ba.

In kana neman abin da za ka yi furojet a kai kuma kana son wanda ya shafi gida, duba ƙwayar Trypanosoma brucei, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, mai kawo ciwon barci ga mutane, tana kuma cikin masu sa wa shanu sammore, akwai ma cibiyar bincike a kanta a Kaduna. Telomiyarta TTAGGG ce irin tamu, tana da nata TRF da RAP1, kuma rigar da take canzawa don ta ɓace wa garkuwar jiki, wato VSG, daga wuraren da ke dab da telomiya ake karanta ta. A 2009 ɗakin binciken Bibo Li a Amurka ya nuna RAP1 ɗinta ne ke rufe bakin sauran wuraren don riga ɗaya kawai ta fito a lokaci guda. Furotin ɗin da ka ɗora a matsayin goyo a zanenka, a jikin wannan ƙwayar babban aiki yake yi.

Gobe da safe, kafin ka buɗe littafi, ɗauki sabuwar takarda ka sake zanawa daga ka, sannan ka ɗauko ta jiya ka gwada. Duba wurare huɗu da aka fi kuskure, shin jan zare ne ya fi tsawo kuma 3′ ne a bakinsa, shin TRF ɗinka bibbiyu ne, shin POT1 ta hannun TPP1 ya isa TIN2 ba kai tsaye ba, shin RAP1 a kan TRF2 yake ba TRF1 ba. Wanda ka kuskure ka zagaye shi da jan biro, jibi ka fara da shi, sannan ka nemi abokin karatu ka miƙa masa abin gogewa ya goge duk wanda ya ga dama kai kuma ka faɗa masa wace ƙararrawa ce za ta tashi.